Hannu a Kan Gwiwa

"Matsa! Ke, matsa mana! Ba ki ga wancan zai shiga ba?"

Bakwai da kwata na safe, amma Malama ta riga ta jiƙe sharkaf da gumi. Ta ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, idonta a kan bayan wata tifa da ta ɗauko yashi tana tafe tana zubarwa. Ratar da ke tsakaninsu ba ta wuce tsawon mota huɗu ba. A wurin mijinta kuwa, wanda duk unguwa ke kira Manaja, wannan fili ne da za a yanka fuloti a sayar.

"Baban Lele, tifa ce fa, kuma da kaya. In ta tsaya..."

"In ta tsaya sai ki tsaya! Birkin na ado ne?"

Kafin ta ba shi amsa wata ƙaramar bas ta kutso ta cike gurbin. Manaja ya doki gaban motar da tafin hannu, har Lele, 'yarsu mai shekara shida da ke zaune a baya rungume da jakar makaranta, ta zabura.

"Kin gani ko? Na uku ke nan tun daga shataletale! Kowane ɗan iska ya hango mace sai ya shiga gabana. Gabana!"

Gabansa, in ji shi. Wata uku ke nan rabon Manaja da kujerar direba. Ciwon suga ya taɓa masa ido, likita ya ce ko da wasa kada ya ƙara tuƙi. Mutumin da ya shekara ashirin yana taƙamar ba a wuce shi a titi, yau ko lambar motar da ke gabansa ba ya iya karantawa, inuwa kawai yake gani tana giftawa. Ya rantse ba wanda zai ji wannan magana, daga mahaifiyarsa sai matarsa. Ɗaukar direba tonon asiri ne, shiga motar haya kuma ƙasƙanci. Sai ya samo dabara: ya shaida wa maƙwabta da mutanen ofis wai koya wa iyali tuƙi yake yi. Malama da ta shekara bakwai da lasisi a jaka, ta wayi gari ɗaliba. Kullum da safe ta kai shi ma'ajiyar kayan da yake shugabanta a can ƙarshen gari, ta juyo da Lele makarantar da take koyarwa, da la'asar ta koma ta ɗauko shi.

Ita kuwa a hannun yayanta ta koyi mota, direban tirela, mutum mai tsoron hanya. Abu ɗaya ya dasa mata a kai tun ranar farko. In motar gabanki ta wuce falwaya, ki fara ƙirga a tsanake, ɗaya, biyu, uku. In kika iso falwayar nan ba ki kai uku ba, to kin matse, ja da baya. In ana ruwa, ki kai shida. "Kafin idonki ya gaya wa ƙafarki, kafin ƙafar ta bar totur ta kai birki," in ji shi, "mota ta cinye tsawon gida biyu. Sannan ne fa birkin zai fara nasa aikin." Shekara bakwai tana ƙirgan nan a zuci, ba ta taɓa goge ko bangon gareji ba.

Ranar wata Laraba Manaja ya ga leɓenta yana motsi.

"Me kike karantawa? Addu'a?"

"Ƙirga nake yi."

Ta yi masa bayani. Ya bushe da dariya har da riƙe ciki, ya waiwaya baya. "Lele, kin ji mamanki? Ta ɗauka titi aji ɗaya ne. To ni tuƙi ba da lissafi na koye shi ba, da zuciya na koya."

Yana rufe baki wata farar mota ta sako kai za ta shiga. Abin da Malama ta ji kawai shi ne nauyi a kan gwiwarta ta dama. Hannunsa ne. Ya ɗora ya danna ƙasa da ƙarfinsa na namiji, ƙafarta ta nutsa cikin totur, motar ta yi kukan kura ta cike gurbin. Mai farar mota ya kauce yana zuba hon. Bayan wata motar ɗaukar kaya ya taso mata har tana ganin tsatsar ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya. Da ƙyar ta fizge ƙafar ta kai birki, goshin Lele ya bugi bayan kujera.

"Haka ake yi," in ji Manaja, yana gyara zaman hularsa. "Yanzu ya san da mutum a ciki."

Da suka koma gida ta jira ya ci abinci ya sha maganinsa, sannan ta durƙusa gefen kujerarsa.

"Don girman Allah, Baban Lele, ka yi mini faɗa, ka zage ni ma in ka ga dama, amma kada ka ƙara taɓa mini ƙafa ina tuƙi. Wallahi tsoro nake ji. Wata rana zan kashe mutum."

"Sai ki daina abin da zai sa in taɓa."

"Minti nawa ne za mu rasa in sun shiga? Ko biyar ba za a yi ba."

"Ba maganar minti ba ce." Ya kawar da kai. "Ke ba za ki gane ba. Ido ya tafi, yanzu kuma titin ma sai in bar wa yara? A cikin motata?"

Muryarsa ta yi rawa a ƙarshen maganar, sai tausayinsa ya kama ta, ta bar zancen. Wannan tausayin shi ya cuce ta. Washegari hannun ya dawo, jibi ma haka, har ya zama tun daga shataletale yake ajiye shi a kan gwiwar, a shirye, kamar mai riƙe da giyar mota.

Ta fara neman hanyoyi. Ta ce su riƙa fita shida da rabi kafin cunkoso. Ya ce shi ba mai gadi ba ne da zai buɗe ƙofar ofis. Ta bi da su ta tsohuwar hanyar bayan kasuwa inda ba manyan motoci. Ya ce ramuka za su kashe masa taya. Ta roƙi maƙwabciyarsu ta riƙa tafiya da Lele tare da 'ya'yanta. Kwana biyu aka yi ya hana.

"A ce 'yata tana bin motar mutane, ga tawa? Me kike so a ce?"

Sai ta je wurin surukarta. Ta sami Hajiya a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Ta gaishe ta, ta zauna a ƙasa, ta kwashe komai ta gaya mata, har ta ɗan ɗaga zane ta nuna mata inda yatsu suka kwanta, shatar ta yi baƙi.

Hajiya ta duba, ta koma kan shinkafarta.

"Yo wannan ai ba duka ba ne, 'yar nan. Na ɗauka wani abin ne. Mutum yana cikin lalura, zuciyarsa a kusa take. Kuma shi fa gwani ne, tun yana saurayi ba a taɓa kawo mini ƙararsa ya buge ko akuya ba."

"Hajiya, a da yana gani. Yanzu ko fitilar birkin motar gaba ba ya rarrabewa."

"Kul! Rage murya, bango da kunne. Ke ai kina gani. Shi ya san hanya, ke kina da ido, sai ku haɗa. Abin da Allah bai rubuta ba ba zai faru ba. Ki je ki yi haƙuri, ki rufa wa mijinki asiri."

Yayanta ne kaɗai ya gane abin da take faɗi. Ta kira shi a waya yana can kan hanya, ya yi salati ya fi sau uku.

"Ya danna miki gwiwa? A bayan babbar mota? Wannan ai hauka ne! Ni da nake sama ina ganinsu, in na taka birkin iska da kaya, mai bina a matse ba shi da ko daƙiƙa ɗaya."

"To Yaya ka yi masa magana."

Sai ya sassauta murya.

"Kin san halinsa, ƙanwata. In na yi magana zai san kin faɗa mini zancen idon, kuma ke zai huce a kai. Bari in sauke kayan nan in dawo, mu ga yadda za a yi cikin hikima. Sati biyu. Ke dai ki riƙa ja baya-baya."

Ja baya da wace ƙafar? Bai tambaya ba, ita ma ba ta ce ba.

Daga nan Malama ta fara lalacewa. Karin kumallo ya daina shiga, in ta kurɓi shayi sai ya taso. In ta ji ƙarar makulli a hannunsa sai fitsari ya matse ta. A aji yara suna dariyar yadda baƙaƙenta suka karkace a allo. Ko a ƙafa take tafiya, in wanda ke gabanta ya tsaya ba zato sai ta ji ƙafarta ta dama ta daki ƙasa. Shugabar makaranta ta kira ta ofis ta tambaye ta ko ciki ne da ita. Lele kuwa da ke cika mota da waƙar makaranta, ta yi ɗif. Tana shiga sai ta zame ƙasa tsakanin kujeru ta toshe kunne. Malama ta ɗaga ta ta ɗaura mata bel, uban ya ce a cire, wai ana koya wa yarinya tsoro.

Sau biyu suna tsallake rijiya da baya. Na farko wata bas ta tsaya ɗaukar fasinja ba sigina, bambar motar Malama ta tsaya saura taƙi ɗaya. Na biyu sai da ta haura gefen titi ta ture kwandon wata mai lemo. Manaja ya fito ya ba matar haƙuri da fara'arsa ta mutanen kirki.

"Ki yafe mana, Baba, koyo take yi. Kin san mata da mota."

Aka yi dariya, har da mai lemon. Malama na zaune a ciki tana jinsu.

Ranar wata Litinin aka tashi da ruwa. Ba mai ƙarfi ba, irin yayyafin nan da ke jiƙa ƙura da baƙin mai ya mai da kwalta santsi. Ta tsaya a bakin gareji tana duban tayoyin gaba, sun suɗe sun yi sumul.

"Baban Lele, mu ɗan jira ya ɗauke."

"Yau manyanmu za su zo duba kaya. Shiga mu tafi."

Ta ɗaura wa Lele bel, ta ja shi da kyau, ta kalli mijin ido cikin ido. Wannan karon bai ce a cire ba.

Bayan gada hanya ta buɗe, motoci suka saki gudu. Wata tifa ce a gabanta, tana feso ruwan laka a gilas. Malama ta ja baya. Tifar ta wuce falwaya, ta fara: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Mota ɗaya ta shiga ta fita. Ta biyu ta shiga ta fita. Tana jin numfashinsa yana sauyawa, yatsunsa suna matse gwiwar.

"Don Allah," ta ce a hankali. "Ruwa ake yi. Don Allah yau kaɗai."

Ta madubin gefe ta hango mai babur. Dattijo ne, ya rufa da leda, ya ɗaure ƙaton akwatin burodi a baya. Ya zo daidai tagar Manaja, ya ɗaga hannu yana neman hanya, ya sako kai cikin filin da ta bari.

"Har da babur? Har da babur!"

Ya danna.

Ta yi ihu, ta sa hannun dama tana ture nasa, motar ta zabura. Dattijon ya riga ya shiga. A daidai lokacin fitilun tifar suka yi ja. Ta gansu sarai, ta san abin da ya kamata ta yi, ƙafarta ma ta sani, amma ƙafar na ƙarƙashin hannun mutum. Kafin ya saki, kafin ta kai birki, filin ya ƙare. Ta taka har ƙasa, tayoyin suka ɗauke, motar ta ci gaba da sulalewa kamar ba a taka komai ba. Ta ga dattijon ya waiwayo. Ta ga farin gemunsa.

Ƙarar ba ta yi yawa ba. Burodi ya watse a kan bonet.

Kan ka ce kwabo mutane sun cika wurin. Aka tura motar baya da hannu, aka zaro shi daga tsakanin bambarta da ƙarfen tifa. Yana da rai, yana kiran sunan Allah, amma ƙafafunsa biyu sun juya inda ƙafa ba ta juyawa. Malama ta kasa fitowa. Ta juya ta shafa Lele daga kai har ƙafa. Bel ya riƙe ta, ko ƙwarzane babu, sai dai ta jiƙa kayan makarantarta, idonta a buɗe ba ta ƙiftawa.

Ta tagar da ta fashe take jin muryar mijinta. Ya fito, ya dafe kai, yana magana da jami'in kula da hanya da ya iso.

"Wallahi ranka ya daɗe, koya mata nake yi. Kullum sai na ce mata ta riƙa barin rata, ta riƙa barin rata. Yanzun nan na gama faɗa mata ana ruwa. Ba ta ji."

"Mata ke nan," in ji wani daga cikin taron. "A ba su mota su ƙarar da mu."

A asibiti aka ajiye su a wani dogon benci kusa da ɗakin tiyata. Matar mai burodin na zaune a ƙasa can gefe da 'ya'yanta mata biyu, ba ta zagi kowa ba, kuka kawai take yi ƙasa-ƙasa. Wajen azahar likita ya fito ya ce an ceto ƙafar hagu, ta dama kuwa sai da aka yanke daga gwiwa.

Hajiya ta iso da mayafi a karkace. Ta rungume ɗanta ta shafa shi ko'ina, sannan ta zauna kusa da Malama ta matso da baki kunnenta.

"Ƙaddara ce, ta riga ta faru. In an tambaye ki, santsi ne. Kada in ji zancen ido, kada in ji zancen hannu. In aikinsa ya tafi, ku duka kun shiga uku. Ki tuna uban 'yarki ne."

Jami'in nan na kula da hanya ya kira ta wani ɗan ofis, ya ba ta takarda da biro ya ce ta rubuta yadda aka yi. Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta rubuta. Ta rubuta zancen idon, ta rubuta ƙirgan da take yi, ta rubuta hannun, da ranar da ya fara, da waɗanda ta gaya wa. Ta cika shafi biyu. Jami'in ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau ya murza ido. Ba mugun mutum ba ne.

"Malama, na yarda da ke. Wallahi na yarda. Amma wa ya gani?"

"'Yata."

"Shekararta nawa?"

"Shida."

Ya girgiza kai. "Ko da an karɓa, tambayar farko da za a yi miki ita ce wa ke kan sitiyari. Wanda ya bugi na gabansa daga baya, shi ne bai bar rata ba. Ta biyu kuma, tunda kin san yana yi, me ya sa kika ci gaba da ɗaukarsa?"

Me za ta ce? Ta ce ta durƙusa an ƙi ji, ta nuna shata an ce ba duka ba ne, ta kira ɗan'uwa ya ce sati biyu? Duk wanda ta kai wa kukanta ya auna abin da Manaja zai rasa, girmansa, aikinsa, asirinsa, ba wanda ya auna tsawon da mota ke bukata kafin ta tsaya. Kowa ya ce ta yi haƙuri, ta yi, ga shi wani bawan Allah da bai san gidansu ba ya biya da ƙafarsa. Kuma a takardar hukuma sunanta ne kaɗai zai fito.

Jami'in ya karɓi lasisinta ya sa a cikin fayil, ya ce ta dawo ranar Alhamis da wanda zai tsaya mata.

Ta fito daga ofishin. An turo mai burodin a kan gado za a wuce da shi ɗakin jinya, bargon ya kwanta shafal a inda ƙafa ya kamata ta tasa shi. Matarsa ta bi gadon tana riƙe da takalminsa guda ɗaya. Malama ta tsaya har suka ɓace, sannan ta ƙarasa bencin. Lele ta yi barci a cinyar kakarta. Manaja na zaune ya haɗa kai da gwiwa, da ya ji tafiyarta ya ɗago yana ƙanƙance ido don ya tabbatar ita ce.

"Me kika rubuta?"

"Abin da ya faru."

Hajiya ta yi salati. Shi kuwa sai juya hularsa yake yi a hannu. Ta ɗauka zai yi faɗa, ko ya yi kuka, ko ya tambayi yadda dattijon yake. Ta tsaya tana jira, har zuciyarta na ba shi dama.

"Sun karɓe lasisin?" ya ce.

"Sun karɓe."

Ya ja dogon tsaki, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi matarsa.

"To yanzu gobe wa zai kai ni aiki?"

Malama ta sunkuya ta ɗauki 'yarta daga cinyar Hajiya, ta saɓa ta a kafaɗa. Yarinyar ta yi nauyi, kayanta har yanzu da danshi. Ta bi doguwar barandar ta fita ƙofar asibitin, ta miƙi titi da ƙafa, ba ta waiwaya ta ga ko ya iya gane hanyar fita ba.